Bairos mai gida biyu: yadda ake rarraba cututtukan da sauro da kaska ke yaɗawa

Akwai tambayar da kusan kowa ya taɓa yi, ko a fili ko a zuci: tunda sauro yana shan jinin wannan ya tashi ya sauka a kan wancan, me ya hana shi yaɗa cutar ƙanjamau? Tambayar tana da ma'ana idan aka ɗauki sauro a matsayin sirinji mai fuka-fuki, wanda ke zuƙar jini a nan ya je ya tsiyaye shi a can. To amma halittarsa ba haka take ba. A cikin ɗan tsinken bakin nan nasa akwai hanyoyi biyu, ɗaya ta zuƙo jini zuwa ciki, ɗaya ta tura yawu zuwa waje. Jinin da ya shiga ya shiga ke nan. Abin da yake bar maka a fata yawu ne, mai ɗauke da sinadaran da ke hana jini daskarewa, kuma shi ne ke jawo ƙaiƙayin nan da ɗan kumburi. Don haka duk ƙwayar cutar da ke son sauro ya kai ta wani jikin, sai ta san yadda za ta yi ta tashi daga tumbinsa ta isa yawunsa. Bairos ɗin ƙanjamau bai iya wannan tafiya ba. Yana faɗawa tumbin sauro ake narkar da shi tare da jinin.

Waɗanda suka iya tafiyar su ne masana ke kira arbobairos. An gutsuro sunan ne daga kalmomin Turanci masu nufin bairos ɗin da halittu masu gaɓoɓin ƙafa ke ɗaukowa: sauro, kaska, da wasu ƙananan ƙudaje masu cizo. Sunan ya haɗa har da kaska, wadda a wajen masana ba ta cikin ƙwari. Ƙafafunta takwas, danginta su ne gizo-gizo da kunama. An san irin waɗannan bairos sama da 500, kuma fiye da 100 daga cikinsu suna sa mutum ciwo. A cikinsu ne ake samun shawara, dengi, Zika, cikungunya, zazzaɓin Yammacin Nilu, kumburin ƙwaƙwalwa na Japan, zazzaɓin Kwarin Rift da zazzaɓin Kirimiya-Kwango. Maleriya ba ta cikin lissafin, duk da cewa ita aka fi sani da cizon sauro. Abin da ke kawo ta wata halitta ce mai suna Plasmodium, wadda ta ninka bairos girma nesa ba kusa ba, kuma maganinta ba ya yi wa bairos komai.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga nan shi ne, arbobairos sunan sana'a ne. Waɗanda ke amsa shi abokan tafiya ne da hanya ta haɗa, kowa da gidan da ya fito. Kafin a je ga gidajen, sai a fara ganin hanyar, domin ita ce ta tsara kusan komai game da su.

Kwana goma a cikin sauro

Macen sauro ce ke cizo, saboda tana buƙatar furotin ɗin jini ta gina ƙwai. A ce ta ciji mai dengi a rana ta uku da fara zazzaɓinsa, lokacin da bairos ya cika masa jini. Jinin zai taru a tsakiyar hanjinta, inda nan take sinadaran narkarwa za su far masa. Ƙofa ta farko ke nan: cikin 'yan sa'o'i dole bairos ya manne wa sel ɗin da ke shimfiɗe a bangon hanjin, ya kutsa ciki. Sel shi ne ɗan ƙaramin ɗakin da aka gina jikin kowace halitta da shi, kuma bairos ba ya iya hayayyafa sai a cikinsa, da kayan aikin mai ɗakin. Daga dubban da aka haɗiya, 'yan ƙalilan ne ke samun shiga. Su ne za su ninka kansu har su mamaye bangon hanjin.

Ƙofa ta biyu fita ce. Bayan bangon akwai wani tantani mai tauri, sai an ratsa shi a faɗa cikin ruwan da ke zagaya jikin sauro a madadin jini. Daga nan bairos ya bazu, ya isa jakunkunan yawu da ke ƙirjinta, ya sake neman ƙofar shiga, ya sake hayayyafa, sannan ya zubo cikin yawun kansa. A kowace ƙofa ana iya tsayar da shi, kuma abin da ya sa ke nan cikin nau'o'in sauro sama da 3,500 da ke duniya, tsiraru ne kawai ke yaɗa kowace cuta. Sauron maleriya zai iya shan jinin mai dengi ya ƙoshi, cutar ta mace a cikinsa.

Tafiyar dengi daga tumbi zuwa yawu tana cin kwana 8 zuwa 12 a yanayi mai ɗumi. Wannan adadi yana da nauyi fiye da yadda ake zato, domin sauro a waje ba ya daɗewa. Da yawa ba sa cika mako biyu, tsuntsu ko ƙadangare ko tafin hannu ya gama da su. Ashe mafi yawan saurayen da suka sha jinin mai cuta sukan mutu bairos bai kai bakinsu ba. Annoba gaba ɗayanta tana rataye ne a wuyan 'yan tsofaffin da suka yi tsawon rai. Kuma da yake jikin sauro ba ya riƙe zafin kansa, yanayin waje ne ke sarrafa saurin hayayyafar bairos a cikinsa. Zafi ya ɗan ƙaru, kwanakin su ragu, adadin waɗanda za su rayu har su yaɗa ya yi tsalle. Wannan lissafin ne ke bayan fargabar da ake yi game da ɗumamar yanayi da waɗannan cututtuka.

Da zarar yawun ya kamu, sauron zai yi ta yaɗawa har ya mutu. Ita kanta macen ba ta kwantawa ciwo. Tana da wata dabarar kariya da ke gane zaren gadon bairos, wato rubutun umarnin da ake bi a ƙera sabon bairos, ta daddatsa shi, wadda ba ta kawar da shi, amma tana hana shi yawan da zai kashe ta. Zaman ya yi wa bairos daidai, domin mataccen sauro ba ya cizo.

A jikin mutum labarin ya sha bamban. Sauro yakan yi ta lalube da bakinsa a cikin fata yana neman jijiya, yana tofa yawu, don haka a fata ake fara ajiye bairos. Sel ɗin garkuwar jiki da suka rugo wurin cizon su ne yake fara kamawa, su kuma su ɗauke shi zuwa kaluluwa, daga nan ya malala cikin jini. A nan ba shi da zaman dindindin. Cikin kusan mako guda garkuwar jiki ta kore shi, ko kuma mai jikin ya rasu. A 'yan kwanakin nan dole ya cika jini sosai, kuma dole wani sauron ya zo ya sha.

Ana cewa gida biyu maganin gobara. Ga arbobairos gida biyun dole ne, kuma kowane gida da dokarsa. Ɗaya jikin ƙwaro ne mai bin zafin gari, ɗaya jikin mutum mai zafin maki 37 ko na tsuntsu da ke haura 40. Makullin da zai buɗe sel ɗin hanjin sauro shi ne dai zai buɗe sel ɗin mutum, alhali rabuwar zuriyar halittun biyu ta kai ɗaruruwan miliyoyin shekaru.

Gidajen da suka fito

Shawara ce ta buɗe fagen. A 1881 likitan Kyuba Carlos Finlay ya ce sauro ne ke yaɗa ta, aka yi masa kunnen uwar shegu kusan shekara ashirin, sai a 1900 tawagar Walter Reed ta sojan Amurka ta tabbatar da maganarsa a Habana. A 1927 aka ware bairos ɗin kansa daga jinin wani majiyyaci a ƙasar da yau ake kira Gana. Daga nan sai farauta ta kankama. Cibiyar binciken shawara da aka kafa a Entebbe ta Uganda a 1936 ta riƙa tatsar jinin mutane da birai, tana niƙa sauro, tana yi wa ɓeraye allura don ganin abin da zai fito. A can aka samo bairos ɗin Yammacin Nilu a 1937, Bunyamwera a 1943, Zika a 1947 daga wani biri da aka ajiye a dajin Zika. Al'adar masu binciken ita ce su raɗa wa bairos sunan wurin da suka tsince shi, kuma wannan ya bar wata gurguwar fahimta har yau. Sunan yana nuna inda aka kafa ɗakin gwaji ne, ba lallai inda cutar ta samo asali ba. Zazzaɓin Kirimiya-Kwango ma suna biyu aka haɗa masa, saboda an gan shi a Kirimiya a 1944, aka ware wani bairos a Kwango a 1956, sai a 1969 aka gane abu ɗaya ne.

Da tarin ya yi yawa, sai aka shiga neman tsari. A 1954 Jordi Casals da abokin aikinsa suka yi amfani da ruwan jinin dabbobin da suka warke: idan garkuwar da aka samu daga bairos ɗaya ta gane wani, to akwai dangantaka. Ta haka suka fitar da rukunin A da rukunin B. Abin sha'awa, rabon nan ya tsaya da ƙafarsa har bayan da aka iya karanta rubutun gadon bairos harafi bayan harafi. Rukunin A ya zama Alfabairos, rukunin B ya zama Filabibairos, daga kalmar Latin mai nufin rawaya, saboda launin idon mai shawara. Da farko an zuba su a gida ɗaya, don a madubin lantarki sun yi kama: 'yan dunƙulalliyar halittu sanye da rigar kitse. A tsakiyar shekarun 1980 aka raba su, bayan an ga cewa tsarin cikinsu ya sha bamban.

Gidan Filabibairos shi ya fi ɗaukar rayuka. Nan ne shawara, dengi, Zika, Yammacin Nilu, kumburin ƙwaƙwalwa na Japan da wanda kaska ke kawowa a Turai da Rasha. Gadonsu zare ɗaya ne na wani sinadari da ake kira RNA, ɗan uwan DNA, mai haruffa kusan 11,000, kuma a shirye yake don karantawa. Yana shiga sel, injinan sel ɗin za su ɗauka saƙon gida ne, su sassaƙa masa doguwar sarƙar furotin guda ɗaya, a datsa ta gida goma. Uku na gina jikin sabon bairos, bakwai na aikin cikin gida, wato kwafar gadon da toshe bakin garkuwar jiki. Da furotin goma kacal ake yin duk ɓarnar da shawara ke yi wa hanta. Ɗaya daga cikin bakwai ɗin, NS1, yana tsiyayowa cikin jini da yawa, kuma shi ake nema a gwajin gaggawa na dengi.

Alfabairos, da ke gidan Togabairos, su ma zare ɗaya ne a shirye, amma tsarin aikinsu daban. Sukan fara karanta kashin farko su haɗa injin kwafi, sannan su buga wani gajeren saƙo na dabam da yawan gaske don ƙera jiki. Cikungunya ce fitacciyarsu. An gano ta a kudancin Tanzaniya a 1952 zuwa 1953, sunan kuma daga harshen Makonde yake, yana nufin tanƙwarewa, saboda yadda ciwon gaɓoɓi ke sa mutum tafiya a duƙe.

Gida na uku, na Bunyabairos, ya fi kowanne yawan 'ya'ya da ban mamaki. Gadonsu kashi uku ne, babba da matsakaici da ƙarami, kuma a juye aka rubuta shi, don haka sai sun shigo da injin kwafinsu a aljihu kafin sel ya iya karanta komai. Rabuwar gadon gida uku tana ba su wata dama da sauran ba su da ita. Idan 'yan uwa biyu suka haɗu a sel ɗaya, sabon bairos zai iya fitowa da kashi biyu na wannan, ɗaya na wancan. Haka aka samu bairos ɗin Ngari, wanda ya ɗauki babba da ƙarami daga Bunyamwera, matsakaici daga Batai, aka kuma same shi a jinin masu zazzaɓi mai zubar da jini a Kenya da Somaliya a 1997 zuwa 1998. Kwarin Rift, Kirimiya-Kwango da Oropouche na Kudancin Amurka duk nan suke.

Sauran gidajen ba su da yawa a harkar mutane. Akwai zazzaɓin kaska na Kolorado, mai gado kashi 12 da zare biyu a murɗe. Akwai Chandipura na Indiya, wanda wani ƙaramin ƙuda ke yaɗawa, yana kumbura ƙwaƙwalwar yara, kuma ɗan uwan bairos ɗin haukan kare ne. Kusan dukkansu RNA ne. Wanda aka sani da gadon DNA shi ne na zazzaɓin aladu na Afirka, kuma ba ya kama mutum.

Kowane gida kuma yana da 'ya'yan da ba su shiga sana'ar ba. Bairos ɗin ciwon hanta nau'in C ɗan gidan su shawara ne, amma ta jini yake bi, babu ruwansa da sauro. Hantabairos (sunan ba shi da alaƙa da hantar jiki) da bairos ɗin Lassa dangin Bunyabairos ne, amma ɓeraye ke yaɗa su. Sannan akwai waɗanda ba su taɓa barin ƙwaro ba: tun 1975 aka gano wani ɗan gidan Filabibairos da ke rayuwa a sel ɗin sauro kaɗai, ba ya iya hayayyafa a jikin dabba, kuma daga baya an samu irinsa birjik. Abin da wannan ke nunawa shi ne, dabarar zama a gida biyu an ƙirƙiro ta sau da yawa, a zuriyoyi daban-daban, kowa da kansa.

Inda zuriya ke aiki, da inda ba ta yi

Likitan da ke gaban majiyyaci bai cika damuwa da waɗannan gidaje ba. Shi abin da yake gani kashi uku ne ko huɗu: zazzaɓi da ƙuraje da ciwon gaɓoɓi, ko kumburin ƙwaƙwalwa, ko zubar jini, ko kuma illa ga ɗan tayi. Mai yaƙi da sauro shi ma da nasa rabon, na mai ɗaukowa. Rabe-raben nan uku ba sa hawa kan juna. Sauro ɗaya, Aedes aegypti, mai zanen fari a ƙafa, mai cizon rana, mai ƙwai a tsohuwar taya da duk wani mazubin ruwa, shi ke ɗauke da shawara da dengi da Zika, ya kuma haɗa da cikungunya wadda ba danginsu ba ce. A gida ɗaya kuma, shawara ta nufi hanta, na Japan ya nufi ƙwaƙwalwa, Zika ta ratsa mabiyiya ta lalata ƙwaƙwalwar ɗan tayi, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta a Fabrairun 2016.

Duk da haka akwai wani zane da ke fitowa idan aka zana bishiyar zuriyar Filabibairos. Na kaska suna reshe guda. Na sauro sun rabu biyu: waɗanda Aedes ke ɗauka sun fi zama tsakanin birai da mutane, su ne masu zubar da jini, waɗanda Culex ke ɗauka kuma sun fi zama a tsuntsaye, su ne masu kumbura ƙwaƙwalwa. A Alfabairos rabon na nahiya ne. Na Afirka da Asiya da Ostareliya gaɓoɓi suke kamawa, na nahiyar Amurka da ke kashe dawakai ƙwaƙwalwa suke nufa, kuma mafi muninsu yana kashe kusan kashi 30 cikin ɗari na waɗanda ya kwantar. Ko a nan ba a rasa ɗan tawaye ba. O'nyong-nyong, ɗan uwan cikungunya na kusa da ya ɓarke a Uganda a 1959, sauron maleriya ne ke yaɗa shi.

A ganina, tambayar da ta fi kowace amfani wajen rarraba su ita ce: shin jinin mutum yana cika da bairos ɗin har sauro ya iya ɗauka daga gare shi? Ga Yammacin Nilu amsar a'a ce. Gidansa na asali tsuntsaye ne da sauron Culex. Mutum da doki tsautsayi ne ke faɗa musu, kuma a jikinsu hanya ta ƙare. Kusan kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka kamu ba sa jin komai, kusan 1 cikin 150 ne cutar ke taɓa wa ƙwaƙwalwa. Da ya sauka a birnin New York a 1999, gawawwakin hankaki da ke faɗowa a tituna na cikin alamun farko, kuma cikin 'yan shekaru ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma a jikin tsuntsaye. Na Japan shi ma haka: zalɓe da balbela ke riƙe da shi, aladu ke ninka shi, sauron da ke hayayyafa a gonakin shinkafa na Asiya ke kai shi ga yara. Ko da za a yi wa kowane ɗan Adam rigakafi, bairos ɗin zai ci gaba da zagayensa, bai ma san an yi ba.

Dengi, Zika, cikungunya da shawara sun tsallake wannan shinge. Asalinsu na birai ne a daji, amma jinin mutum yana isar su, don haka a birni suna iya zagayawa daga mutum zuwa sauro zuwa mutum ba tare da wata dabba ba. Dengi ta yi nisa a wannan har ba ta buƙatar dajin kuma. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2013 ya ce tana kama mutum kusan miliyan 390 a shekara, kusan miliyan 96 suna nuna alamu. Shawara kuwa ta riƙe daji da birni duka. A farkon ƙarni na 20 an yi zaton idan aka kawar da Aedes aegypti daga manyan birane za ta ɓace, sai a 1932 aka same ta a wani ƙauyen Barazil inda babu wannan sauron sam. A saman bishiyoyi take zagayawa tsakanin birai da wasu saurayen daji. Wannan ne ya sa ba za a iya shafe ta daga doron ƙasa kamar yadda aka yi wa agana ba, duk da cewa allurar da Max Theiler ya haɗa a 1937, wadda ta ba shi kyautar Nobel a 1951, guda ɗaya tana kare mutum har ƙarshen rayuwa.

Inda zuriya ke nuna ƙarfinta sosai shi ne a garkuwar jiki, kuma ba kullum ta alheri ba. Dengi iri huɗu ce. Wanda ya warke daga ɗaya ya tsira daga wannan ɗin, amma kariyar da yake da ita daga sauran ukun ta 'yan watanni ce. Bayan nan abin da ya rage sani ne na shanu. Sinadaran garkuwarsa za su gane sabon baƙon, su manne masa, amma ba za su iya kashe shi ba. Mannewar kuma ita ce ke jawo wasu sel ɗin garkuwa su haɗiye shi, alhali su ne ainihin ɗakunan da dengi ta fi son hayayyafa a ciki. Mai gadi ne ya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Sakamakon shi ne bairos mai yawa, garkuwa ta harzuƙa, jijiyoyi su fara yoyon ruwan jini, sau da yawa a daidai lokacin da zazzaɓi ya sauka iyali suka ɗauka sauƙi ya samu. Kyuba ta ga wannan ƙuru-ƙuru: iri na 1 ya ratsa tsibirin a 1977 ba tare da mace-mace masu yawa ba, iri na 2 ya biyo baya a 1981 ya kashe mutum 158, mafi yawansu yara. Wannan matsalar ce ta dabaibaye allurar dengi ta farko, wadda a 2017 aka bayyana cewa tana ƙara haɗarin ciwo mai tsanani ga wanda bai taɓa kamuwa ba kafin a yi masa. Kamannin 'yan gidan yana rikita gwaji ma. Wanda ya taɓa yin dengi ko aka yi masa allurar shawara, jininsa zai iya amsa gwajin garkuwa na Zika, shi ya sa a kwanakin farko an fi dogara da gwajin da ke neman gadon bairos ɗin kai tsaye.

Injin kwafin RNA ba ya duba kuskurensa. Kusan kowane sabon kwafi yana fitowa da harafi ɗaya da ya kauce. Da haka za a zaci arbobairos suna sauya kama kamar mura, amma a zahiri sun fi sauran bairos masu RNA jinkirin sauyawa. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne gida biyun nan: sauyin da ya yi daɗi a jikin mutum yakan zama nakasa a hanjin sauro, sai a tace shi a zagaye na gaba. Amma idan aka dace, harafi ɗaya ya isa. A 2005 zuwa 2006 cikungunya ta afka wa tsibirin Reunion da ke tekun Indiya, inda Aedes aegypti bai da yawa. Sauron da ya cika wurin Aedes albopictus ne, wanda a da ba gwanin ɗaukar cutar ba ne. Sai aka samu sauyi a gurbi na 226 na wani furotin da ke rigar bairos, tubali ɗaya ya maye gurbin wani, ƙofar hanjin wannan sauron ta buɗe. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen tsibirin suka kamu. Shi kuma albopictus yana jure sanyi, kuma cinikin tsofaffin tayoyi ya riga ya kai ƙwansa Turai da Amurka. A 2007 aka ga cikungunya tana yaɗuwa a arewacin Italiya.

Saura batun rani da hunturu, lokacin da sauro ke ɓacewa. Ina bairos yake shiga? Na Kwarin Rift, wanda aka gano a garken tumaki kusa da tafkin Naibasha na Kenya a 1930 zuwa 1931, yana bi ta ƙwai. Uwar sauro mai ɗauke da shi takan sa ƙwanta a gefen fadama, ruwa ya janye, laka ta bushe ta tsattsage, ƙwan yana nan kwance da bairos a cikinsa na tsawon lokaci. Ranar da aka yi mamakon ruwa fadamar ta cika, sai saurayen su ƙyanƙyashe da cutar tun kafin su ciji kowa. Su kai wa tumaki da shanu, dabbobi su yi ta ɓari, 'yan raguna su yi ta mutuwa, wasu nau'o'in sauro su ɗauka su faɗaɗa. Mutane sun fi kamuwa ta hanyar taɓa jini da ɓarin dabbobin, ba ta cizo ba. Ya shiga Masar a 1977, ya tsallaka Saudiyya da Yaman a 2000. Ita kuwa kaska ba ta ma buƙatar wannan dabarar sosai, domin tana rayuwa shekaru, tana riƙe bairos daga ƙuruciya zuwa girma, ta kuma gadar wa 'ya'yanta. Kirimiya-Kwango da kaskar Hyalomma ke ɗauka yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda suka kwanta, kuma yana tsallakawa daga majiyyaci zuwa ma'aikacin jinya ta jini. Zika tana bi ta jima'i, kumburin ƙwaƙwalwa na kaska yana bi ta madarar da ba a dafa ba. Kowannensu yana da 'yar ɓarauniyar hanya ban da babbar.

Har yau babu wani maganin sha da aka amince yana kashe dengi ko Zika ko cikungunya a jikin mutum, jinya ce kawai da kula da ruwan jiki. Wannan ya sa wasu masu bincike suka juya ga ɗaya gidan. Akwai wata bakteriya mai suna Wolbachia da ke zaune a sel ɗin ƙwari da yawa, amma ba a saba samun ta a Aedes aegypti ba. Da aka dasa masa ita, sai aka ga bairos yana kasa hayayyafa yadda ya kamata a jikinsa, don bakteriyar tana cinye kayan da yake buƙata tana kuma tayar da garkuwar sauron. Uwa tana gadar da ita ta ƙwai, don haka idan aka saki isassu sai ta mamaye saurayen gari da kanta. An fara sakin su a 2011 kusa da Cairns a arewacin Ostareliya. A gwajin da aka yi a birnin Yogyakarta na Indonesiya, wanda aka wallafa a 2021, dengi ta ragu da kashi 77 cikin ɗari a unguwannin da aka saki saurayen. Bakteriyar ba ta tambayar gidan da bairos ya fito: tana danne dengi da Zika, tana danne cikungunya. Iyakarta ita ce mai ɗaukowa. Ba ta da abin da za ta yi wa kaska, kuma sauron Culex da ke yaɗa Yammacin Nilu ya daɗe da tasa Wolbachia ɗin a jiki, yana kuma ci gaba da yaɗawa.